Kai Babur Duwatsun Alps Daga Ingila: A Hau Shi Ko A Loda Shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, aiki ya kawo ni Birmingham. Ina da babur BMW R 1250 GS, kuma ni da abokaina biyu mun daɗe muna burin zuwa yawon duwatsun Alps, musamman hanyar Stelvio da muke gani a hotuna. Hutun da zan samu kwana tara ne kacal, a ƙarshen watan Yuni. Wani ya ce mu hau baburanmu tun daga gida, wani ya ce mu ba kamfanin dako su kai mana su, mu kuma mu bi jirgin sama, wani ya ce mu ɗauki hayar mota mu loda su da kanmu. Wanne ya fi? Waɗanne takardu ake bukata? Har yanzu fasfon Najeriya ne a hannuna."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: yadda babur zai isa can, yadda kai za ka isa, da abin da ke biyo baya idan ba tare kuka isa ba. Kowa ta farkon yake yi wa lissafi. Amma a sana'ata ta fiton kaya tsakanin Ingila da ƙasashen Turai, ta ukun ce na fi ganin tana jawo rigima. Muddin kana zaune a kan babur ɗinka, a wurin hukuma shi abin hawa ne, kai kuma matafiyi. Da zarar an ɗaure shi a cikin motar wani, kai kana filin jirgi, ya koma kaya, dokar kaya kuma ita za ta hau kansa, daga ta kwastan har ta inshora da ta diyya. Ka riƙe wannan, domin kusan duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Fasfo kafin babur

Zan fara da jimlarka ta ƙarshe. Izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da mai fasfon Najeriya Faransa ko Italiya. Sai ka nemi bizar Schengen. Guda ɗaya ta ishe ka Faransa da Jamus da Ostiriya da Italiya har da Suwizalan, wadda ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin tsarin Schengen tun 2008. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ba wadda za ka fara takawa ba, sai fa idan kwanakin sun zo daidai. Tunda Stelvio ce a ranka, da alama Italiya ko Ostiriya za ka nufa. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma dole ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tashi. Ka yi amfani da wannan damar, domin idan lokacin hutu ya matso, samun ranar ganawa ya fi samun bizar kanta wuya.

Za su nemi shaidar masauki da ta yadda za ka shiga ka fita. Ka kama otal da tikitin da ake iya sokewa a maido da kuɗi, kuma kada ka biya wa babur kuɗin dako gaba ɗaya kafin biza ta fito. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro can. Sannan ka tabbata an haɗa shi da izinin zamanka na intanet, tunda katin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, kar a dawowa a tsayar da kai.

Lasin ɗinka na Birtaniya, in dai cikakken na babur ne mai harafin A, yana aiki a duk waɗannan ƙasashe ba tare da lasin ƙasa da ƙasa ba. Takardar koyo ba ta aiki da zarar an tsallake ruwa. Ka tambayi abokanka wane iri suke riƙe da shi.

Lissafin kwanaki

Daga Birmingham zuwa Folkestone, inda ake shiga jirgin ƙasa mai tsallakawa Faransa, kimanin kilomita 300 ne. Jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku zai fito da kai Calais ta Faransa cikin minti 35, jirgin fito daga Dover kuma awa ɗaya da rabi. Daga Calais zuwa Janeba, ƙofar duwatsun ɓangaren Faransa, kimanin kilomita 800 ne. Stelvio kuwa tana can gabas, a arewacin Italiya daf da iyakar Suwizalan, kuma daga Calais tafiyar ta haura kilomita 1,000, wato kamar ka tashi daga Kano zuwa Legas bayan ka riga ka yi rabin yini a hanya. Ba mai yin wannan a yini guda ya wayi gari da ƙarfin hawan dutse. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Cikin kwana taranka saura biyar, kuma ka ware ɗaya domin ruwan sama ko gajiya, don ɗayansu zai karɓe shi ko ba ka so.

To ka ga ashe ba kuɗi ne ya kamata ya yanke hukunci ba, kwanaki ne. Mai mako biyu ko fiye, ni dai cewa nake ya hau abinsa. Ba hanyar da ta kai ta sauƙin takardu, kuma idan ya sauka daga babban titi ya ratsa ta duwatsun Vosges ko dajin Schwarzwald na Jamus, tafiyar kanta ta zama yawo. Mai kwana tara yana sayar da kusan rabin hutunsa ne ga titi miƙaƙƙe da ba komai a kansa sai iska da manyan motoci. Akwai kuma asarar da ba a cika sa ta a lissafi ba: kilomita fiye da 2,000 na tafiya a miƙe suna cinye tsakiyar taya ta baje, alhali a kwanar dutse taya mai da'ira kake so, wadda za ta kwanta a hankali ba tare da ta yi maka tsalle ba. Ka haɗa da fetur, da kuɗin manyan titunan Faransa, da otal da abinci a hanya, da kusantowar ranar sabis. Idan ka tara su tsakani da Allah, ratar da ke tsakanin hawa da ba da dako ba ta kai yadda ake zato ba.

Ana iya rage wahalar da jirgin ruwa na dare. Wanda ke tashi daga Hull da yamma yana wayar gari a Rotterdam ta ƙasar Holan, ka yi barci a gado, kuma daga nan ka bi titunan Jamus da ba a karɓar kuɗi a hannun mai babur. Akwai kuma na Harwich zuwa Hoek van Holland da na Newcastle zuwa kusa da Amsterdam. A jirgin ruwa za ka jingine babur a ƙafarsa ta gefe, ka bar shi a giya ta ɗaya, a ɗaure shi ta kan kujera; ka sa tsumma ko safar hannu a ƙarƙashin igiyar kar ta yanke fata, ka kuma kashe na'urar ƙararrawa, in ba haka ba rangajin teku zai sa ta yi ta ihu har batir ya mutu. A jirgin ƙarƙashin teku ba a ɗauri, kana tsaye ne kusa da shi har a fita. Jiragen ƙasa masu ɗaukar mota da babur zuwa kudu kuwa sun yi ƙaranci. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus ya bar harkar a 2016, na Faransa ya rufe tasa a ƙarshen 2019, don haka kada ka gina tafiyarka a kan tsohon labarin da wani ya ba ka.

Ba da dako

Tsarin ba wuya. Ka kai babur siton kamfanin dako kwanaki kafin tafiya, su ɗaure shi a kan wani gadon ƙarfe, su loda a babbar mota tare da na wasu, su sauke a wani sito ko otal kusa da filin jirgi. Kai kuma ka zo da 'yar jakarka, ka karɓa ka hau. Da yawa suna barin ka aika hular kwano da kayan sawa da akwatunan gefe tare da babur. Motocin suna da ranakun tashi, saboda haka kai za ka daidaita hutunka da jadawalinsu, kuma babur zai yi kwanaki ba ya hannunka kafin tafiya da bayanta. Idan da shi kake zuwa aiki, ka sa wannan a lissafi.

Kafin ƙarshen 2020 wannan harka ba ta da wata takardar kwastan, domin Birtaniya da Turai kasuwa ɗaya ce. Yanzu akwai iyaka. Dokar Tarayyar Turai ta yarda baƙon da ke zaune a wajenta ya shigo da abin hawansa mai lambar waje ya yi amfani da shi har wata shida ba haraji, da sharaɗin ba zai sayar ba, ba zai ba da haya ba, ba zai ara wa mazaunin can ba. Idan kai ne a kai, tsallakawar da ka yi ta isa sanarwa. Idan direban kamfani ne ya iso da babura goma sha kuma ba ko ɗaya daga masu su, dole jami'i ya ga takardar da ke nuna za su koma. Wasu kamfanonin suna amfani da ATA Carnet, wani kundin shiga da fita na wucin gadi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke bayarwa, mai aiki na shekara guda. Wasu suna bin hanyar sanarwar shigo da kaya na ɗan lokaci. Ni ba jami'in kwastan ba ne, kuma maganar ƙarshe tana bakin wanda aka tarar a iyaka ranar nan. Abin da ya rage naka shi ne ka tambayi kamfanin a rubuce: da wace takarda babur ɗina zai shiga, da wace zai dawo, kuma wa zai biya idan aka riƙe mota? Wanda ya ce maka "kar ka damu, ba ma samun matsala" bai amsa ba. Dawowar ma tana da nata, domin kayan da suka fita daga Birtaniya suna dawowa ba haraji cikin shekara uku ne idan akwai shaidar cewa daga nan suka fita.

Suwizalan kuma kwastan ɗinta daban. Shi ya sa na fi son a sauke min babur a cikin Tarayyar Turai, ko kudancin Jamus ko Ostiriya ko arewacin Italiya, in shiga Suwizalan a kansa da kaina.

Sai batun diyya, wanda a nan ne na fi son ka natsu. Dakon kaya ta titi tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CMR da aka ƙulla a Janeba a 1956, kuma ita da nauyi take biya, ba da darajar kaya ba. Iyakar abin da ke kan mai mota shi ne SDR 8.33 a kowane kilo, SDR kuwa kuɗin lissafi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya wanda darajarsa ba ta da nisa da fam guda. Babur ɗinka da cikakken tanki kilo 249 ne. Ka ninka, za ka samu fam 2,000 da 'yan kai. Ke nan idan motar ta kife ko ta ƙone, abin da doka ta tilasta a ba ka ke nan a kan babur da ya ninka haka sau da yawa a kasuwa. A cikin Birtaniya ma abin ya fi muni, domin sharuɗɗan da yawancin masu manyan motoci ke aiki da su fam 1,300 ne a kan tan guda. Don haka idan suka ce "muna da inshora", ka ce ta nawa, a kan kowane babur ko a kan motar duka, kuma ta haɗa da kwanakin da zai yi a sito? Sannan ka kira kamfanin inshorar babur ɗinka ka ji ko suna rufe shi yayin da yake hannun ɗan dako a wata ƙasa. In duka biyun ba su gamsar ba, ka sayi inshorar dako ta cikakkiyar daraja. Kayan da ka cusa a akwatunan gefe sau da yawa ba sa ciki.

Ranar miƙawa ka wanke babur tas, domin datti yana ɓoye ƙarzuwa. Ka ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa a gaban ma'aikacinsu, har da lambar kilomita, a rubuta duk tabon da ke jiki, ku sa hannu ku biyu. Ranar karɓa ka duba kafin ka sa hannu. Lahanin da ido ke gani a nan take ake rubuta shi a takardar karɓa, wanda ba ya bayyana kuma kana da kwana bakwai ka kai ƙorafi a rubuce. Na ga wanda aka lanƙwasa wa hannun birki a hanya, ya sa hannu cikin ɗoki ya hau ya tafi, da ya dawo da magana aka nuna masa sa hannunsa. Ka bar fetur kaɗan yadda suka ce. Asalin takardar mallaka, wato V5C, kai za ka bukace ta a kan hanya, don haka ku yi magana tun wuri ko kwafi ya ishe su.

Wani abu ɗan ƙarami: kada ka ɓoye kilishi ko dambun nama a akwatin babur. Tun farkon 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Birtaniya, kuma ba daɗi a sauke lodin mutum goma saboda guzurinka.

Hayar mota ku loda da kanku

A takarda wannan ce ta fi araha ga mutum uku, tunda za ku raba fetur da kuɗin fito, ku kuma karɓi tuƙi. Amma ku auna. Lasin mota na gama-gari ya tsaya a kilo 3,500, mota da kayanta. Babura uku irin naka sun kai kilo 750, ku ƙara kanku da kayanku da katakon hawa, sai ku ga kun taɓo iyakar abin da motar ke ɗauka ko kun wuce. Kuma injin GS yana da kawuna biyu da suka fito gefe da gefe, jera uku a mota ɗaya sai an yi dabara, wani lokacin ma ba ya yiwuwa. Motar haya tana bukatar izinin fita waje da takardar VE103 daga masu ita. Idan tirela za ku ja, a Jamus kilomita 80 a awa ce iyakarku sai in tana da izini na musamman, a Suwizalan kuma tirelar ma sai an saya mata tata takardar hawa babban titi.

Duk mai babur ya kasance cikin motar da takardarsa a hannu lokacin tsallaka iyaka. Wannan shi ke sa jami'i ya gan ku a matsayin matafiya da ababen hawansu. Kada ku ɗauko babur na huɗu na wani da zai biyo jirgi, balle a ce ya biya ku. Tun watan Mayun 2022, ɗaukar kayan wani don kuɗi zuwa Turai a motar da ta haura tan biyu da rabi yana bukatar lasin 'yan dako.

Wajen ɗauri, tayar gaba ta shiga maƙalinta, babur ya tsaya a miƙe ba a kan ƙafarsa ba, igiya huɗu, biyu gaba biyu baya, kowacce tana ja ƙasa da waje. Kada a ɗaura a hannun babur, yana lanƙwashewa, yana kuma lalata wayoyin ɗumama hannu; littafin babur ya nuna inda ake ratsa igiya. A danne shokozoba kaɗan, ba har ƙasa ba. Bayan tafiyar rabin awa a tsaya a sake ja, don igiya tana saki. Aibin wannan hanya shi ne ba ta maido maka da kwanakinka sosai, kuma duk inda kuka zaga dole ku dawo inda kuka ajiye mota.

Hayar babur a can ma hanya ce, kada girman kai ya hana ka duba ta. A Munich da Milan da Innsbruck ana samun irin naka. Ba kwastan, ba diyyar kilo. Sai dai za su riƙe kuɗin ajiya mai kauri a katinka, wasu suna ƙayyade kilomita, kuma sai ka tambaya ko an yarda ka tsallaka da shi wata ƙasa. A mako guda kuɗin yakan yi kusa da na dako. Abin da za ka rasa shi ne sabo, kuma a kwanar da ta juyo kamar ƙugiya sabo da babur ba ƙaramin abu ba ne. Wanda yake Najeriya ko Nijar yana karanta wannan, shi kam haya ce tasa kai tsaye. Babur a jirgin sama kaya ne mai haɗari a dokar jirage, sai an rage mai zuwa ƙasa da rubu'in tanki, an yi masa akwati da takardu na musamman, ga inshorar da zai saya a iyaka tunda katin inshorar ECOWAS ba ya aiki a Turai. Wannan wahala sai mai tafiyar watanni.

Abin da za ka riƙe, ko ta wace hanya ka bi

Asalin V5C, takardar inshora, lasin, da shaidar MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, da harajin titi masu rai. Idan bashi ka ɗauki babur ba ka gama biya ba, ka karɓo izinin fita da shi a rubuce. Koren katin inshora an daina nemansa tun watan Agustan 2021, amma ka bincika ko cikakkiyar inshorarka tana bin ka waje ko tana komawa ta biyan wanda ka buge kawai. Alamar GB da ke nuna ƙasar abin hawa ta daina aiki tun Satumban 2021, UK ake sawa. Ka sayi inshorar lalacewa a hanya wadda ta haɗa da dawo da babur gida. Inshorar tafiya kuma ka karanta ta da kyau, da yawansu ba sa biyan wanda ya faɗi a babur da ya wuce cc 125 sai an ƙara kuɗi, ga shi a dutse da jirgi mai saukar ungulu ake ɗauko wanda ya ji rauni, katin lafiya na GHIC da Birtaniya ke ba matafiya kuwa ba ya biyan kuɗin maido da mutum gida.

Suwizalan tana karɓar faran 40 na takardar hawa babban titi, ta shekara ce ko da yini ɗaya za ka yi. Ostiriya tana da ta kwana ɗaya da ta kwana goma. Idan ba za ka hau babban titi ba, ba ka bukatar ko ɗaya. Faransa ta wajabta safar hannu mai tambarin inganci na Turai, wato CE, da ajiye riga mai ƙyalli a babur. A Jamus zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, alhali a Birtaniya milimita 1 ake nema, don haka tayar da ta wuce MOT tana iya jawo maka tara a can.

Akwai doka ɗaya da ta shafi hanyarku kai tsaye. Tun 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyi a yankunan Reutte da Imst, ciki har da mashigar Hahntennjoch da kwarin Lech, daga 15 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba. Da abin da ke rubuce a takarda suke aiki, ka duba layin U.1 a V5C. Wasu samfuran Ducati sun wuce wannan tun daga masana'anta. Wanda ya sauya salansa a cikinku ya mai da ta asali kafin a loda.

Dutsen kansa

Ƙarshen Yuni lokaci ne mai kyau. Manyan mashigai sukan buɗe daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni bayan an kwashe ƙanƙara, cunkoson Agusta kuma bai fara ba. Duk da haka ƙanƙara na iya zuba a rufe hanya na yini, ka riƙa dubawa kowace safiya. Stelvio tana da tsayin mita 2,757, an gina ta tsakanin 1820 da 1825 lokacin da yankin ke hannun Daular Ostiriya, kuma ta ɓangaren garin Prato tana da kwana 48 masu lamba. Ba ita ce mafi daɗin tuƙi ba, in gaya maka gaskiya. Matsattsiya ce, cike da masu keke da motocin 'yan yawo. Kada ta zama ta ranar farko. Ka fara da Grossglockner ta Ostiriya, wadda aka buɗe a 1935, ana biyan kuɗi amma tana da faɗi da kwalta mai kyau, ko zagayen Sella a duwatsun Dolomiti, sannan ka tunkari Stelvio da sassafe a ranar aiki.

Kowane mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi, saboda haka kana iya barin kwari da gumi ka isa sama kana rawar ɗari. Inji ma yana rasa kusan rubu'in ƙarfinsa a can ƙoli saboda ƙarancin iska, amma a babur irin naka ba za ka damu ba. Gangara ce abin tsoro. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama zai tafasa man birki, ya matsa ya ji ba komai. Ka sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe ka, kuma idan man birkinka ya kai shekara biyu ka sa bakanike ya sauya shi kafin a miƙa babur. A ƙa'idar matsattsiyar hanya mai hawa ake ba wa hanya, kuma a Suwizalan in ka ji ƙahon motar gidan waya mai launin rawaya ka matsa gefe. Iyakar gudunsu a wajen gari kilomita 80 a awa ce, tararsu kuma ba ta wasa ba ce. Tuƙi a hannun dama ba baƙo ba ne gare ka, Najeriya tun 1972 take kansa, sai dai hannunka ya saba da Ingila, kuma an fi yin kuskuren ne da safe ko wajen fitowa daga gidan mai. Kilomita 250 a yini ta isa a dutse. Rana tana daɗewa a Yuni, ga rangwamen ƙasaru da haɗa salla ga matafiyi, lokaci ba zai ƙure maka ba. A yankin Tirol ta Kudu da ke Italiya kuma ka riƙa tambaya kafin ka ci, domin busasshen naman alade da suke kira speck yana shiga har cikin miya da dunƙulen burodi.

Da ni ne da kwana tara da fasfon Najeriya, zan nemi biza tun watan Janairu ko Fabrairu, in ba da dako zuwa wajen Munich ko Innsbruck tare da inshorar cikakkiyar daraja, in bi jirgin sama. Wannan zai ba ni kwana bakwai a dutse maimakon huɗu ko biyar. Idan kuɗin ya yi wa ɗayanku nauyi, ku bi jirgin Hull na dare ku wadatu da kwana biyar a dutse. Idan kuma dutse kuke so ba lallai Alps ba, jirgin ruwan Plymouth zuwa Santander ta Sifaniya yana ɗaukar kusan awa 20, kuna tare da baburanku, ba ɗan dako a tsakani, kuma daga tashar zuwa duwatsun Picos de Europa tafiyar awa biyu ce. In haka kuka zaɓa, bizar Sifaniya za ka nema, kuma can dole a manna alamar UK dabam ko da tana jikin lambar babur.